WASIƘAR BIRNIN ZAZZAU: SALLAR BAZARA DA YARA A HANYA

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙon ka ba ni filin da ka saba ba ni, ko da ya ke yau zan ɗan zarce, gama maganar da na zo da ita ta cikin gidanmu ce, na kuwa daɗe ina juya ta a zuci kafin in yarda in sa ta a takarda. Abin da ya sa na yarda shi ne na lura abin da ya same mu ba mu kaɗai ya ke samu ba.

Ina da ƙane, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, yana aiki a Abuja, da matarsa da 'ya'ya uku. Ya aiko mini da saƙo cewa ya daina kawo iyalinsa gida Salla muddin Salla tana faɗowa cikin zafi. Ya ce zai riƙa aiko wa Inna kuɗin tuwo da na goro ta waya, ran Idi kuma ya kira ta, yara su gaishe ta tana ganinsu suna ganinta. Ya rufe saƙon da cewa, "Yaya, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi." Ban mayar masa da amsa ba, domin na san yana karanta wannan shafi, to, ga amsarsa nan a gaban jama'a. Amma kafin a ga laifinsa sai a ji abin da ya kai shi ga faɗin haka.

A shekarar 2024 Ƙaramar Salla ta faɗo ran Laraba, 10 ga Afrilu. Duk wanda ya yi azumin wannan shekara bai manta zafinsa ba. A cikin makon da ya gabaci Sallar ne aka auna zafin da ya wuce digiri 48 a garin Kayes na ƙasar Mali, mu ma a nan ba mu sha da daɗi ba, ko karen unguwa ba ya ƙetare titi da azahar. Ƙanena bai sami fita daga ofis ba sai ran Litinin da yamma, sabo da haka ran Talata, watau jajibere, suka kama hanya. Kafin a gama ɗaure kaya, a nemo takalmin wannan, a wanke wa wancan fuska, a kai tasha, a jira mota ta cika, rana ta yi tsaka.

Kowa ya san yadda a ke loda ƙaramar motar haya: mutum biyu a gaba ban da direba, huɗu a baya. Yara ba a ƙidaya su. Ƙanena ya biya kuɗin mutum biyu, shi ya ɗora na shekara shida a cinya ɗaya da na shekara huɗu a ɗayar, matarsa ta rungume jaririya 'yar wata takwas, kuma tana azumi, ga shayarwa. Tsakanin Abuja da Zariya ya fi kilomita 250. Suka tarar da cunkoso a wurin da a ke aikin hanya, mota ta tsaya cik, ba inuwa, ba iska, har wajen sa'a biyu. Gorar ruwa ɗaya da suka riƙo ta ƙare tun kafin Kaduna. Jaririya ta yi ta kuka, ta yi amai sau biyu, daga baya ta yi shiru, uwar ta ce alhamdu lillahi ta yi barci.

Sun shigo ta Ƙofar Doka ana kiran magariba. Inna ta fito da murnarta har zaure, ta karɓi jaririyar tana cewa, "Kawo mini kishiyar tawa in ga ko ta fi ni kyau." Da ta yaye mayafin sai na ga fuskarta ta sauya. Ta sa yatsa a kan yarinyar, ta ce, "Maɗigarta ta faɗa." Idanun sun zurma, leɓe ya bushe, ta buɗe baki za ta yi kuka ba hawaye, uwar kuma ta ce rabonta da fitsari tun safe. Wata tsohuwa a gidan ta ce a kwaɓa magani a shafa a maɗigar, kamar yadda aka saba. Ni dai na ce a yi haƙuri, na tare mai Keke, muka nufi asibiti. A can muka yi daren Salla, ana yi wa yarinya ƙarin ruwa, muna jin ganguna daga nesa. Ma'aikaciyar da ta duba ta ta ce da mun bari sai da safe, da wani labarin a ke yi. Allah Ya yi da sauran kwananta a gaba, ta warke, yanzu har gudu ta ke yi. Amma uwarta ta rantse, a Sallar 2025 kuwa ƙanena shi kaɗai ya zo, ya kwana biyu ya koma.

To, jama'a, wanda ya ga wannan da idonsa ba zai ce uwar yarinya ta yi rashin kunya ba. Ni ma ban ce ba. Abin da na ke cewa shi ne, ba zuwa gida ne ya kusa kashe yarinyar ba, yadda aka zo ne.

Bari in fara da lissafi, tun da shi ne sana'ata. Shekarar wata ta gaza shekarar rana da kwana 10 ko 11, sabo da haka Salla ba ta zama wuri guda, kullum tana ja da baya, sai ta yi kamar shekara 33 kafin ta komo inda ta tashi. Mu da mu ke cikin shekaru talatin da 'yan kai, mun yi wayo muka tarar da Ƙaramar Salla cikin hunturu. A farkon shekarar 2000 cikin Janairu aka yi ta, muna zuwa Idi muna rawar ɗari. A 2005 ta koma Nuwamba, a 2010 Satumba, a 2015 Yuli, ana Idi ana duban hadari. Rabonta da tsakiyar bazara tun wajen 1990 zuwa 1993, sa'ad da mu ke goye a baya. Sai ga ta ta komo daidai lokacin da muka zama iyaye: 21 ga Afrilu a 2023, 10 ga Afrilu a 2024, 30 ga Maris a 2025. Watau mun gaji al'adar zuwa gida, amma ba mu gaji dabarar yinta cikin zafi ba, domin waɗanda suka san dabarar sun tsufa, mu kuwa ba mu tambaye su ba.

Kada wani ya ce ai ta kusa fita daga zafin, a yi haƙuri ya wuce. Ƙaramar na fita Babbar na shiga, gama kwana saba'in ne kawai tsakaninsu. Bisa lissafi Babbar Salla tana cikin watan Mayu daga 2026 zuwa 2028, tana cikin Afrilu daga 2029 zuwa 2031, a 2032 kuma cikin Maris. In ƙanena ya tsaya a kan maganarsa, yarinyar nan za ta shiga aji uku ko huɗu ba ta taɓa cin naman layya a gidan kakanta ba. Inna kuwa ta haura saba'in. Ran kowa a hannun Allah ya ke, amma mai hankali ba ya yi wa tsohuwa alkawarin shekara bakwai.

Haka kuma abokan karatuna na Wusasa da maƙwabtanmu na Sabon Gari, su bikinsu na Ista bai taɓa barin Maris da Afrilu ba, hutun makaranta ma a nan ya ke faɗowa. Maganar nan har da su, gama rana ba ta tambayar inda mota za ta.

Mutanen da ba su yi boko ba sun fi mu sanin rana. Ayarin fatake, masu zuwa Gwanja sayen goro da jakuna, da asuba madugu ya ke tashe su, in rana ta take a sauka zango. Ba wanda ya taɓa jin madugu ya ce a ɗaura kaya da azahar. Da jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, aka ja reshe zuwa Jos a 1914, wani kuma ya kai Ƙauran Namoda a 1929, sai garin nan ya zama mararraba, 'ya'yan birni suka bazu aikin akawu da na reluwe da na kanti a garuruwa. A ganina tun daga nan ne zuwa gida Salla ya zama al'adar ma'aikata. Amma jirgi yana da lokacinsa, dole mutum ya shirya tun da wuri ko ya bar shi a tasha. Mota ce ta lalata mu, don mun san ko yaushe muka fito za mu samu. Sai muka mai da jajibere ranar tafiya, alhali kuwa tun kakanni an ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. In ka tambayi kowane magidanci don me ya ke wannan wahala, sai ya ce don yara, ai Salla ta yara ce. Madalla. Amma in ya zauna lissafin tafiyar, yaran nan ba ya sa su cikin mutane, cikin kaya ya ke sa su. Na ga takardar lissafin ƙanena da idona, gama shi ma ɗan ofis ne, komi sai ya rubuta. Akwai shadda tasa, da leshin uwargida, da ɗinkin yara kala bibbiyu, da turare, da sababbin takardun kuɗi na barka da Salla, da atamfar Inna. Babu kuɗin kujerar yaro ko ɗaya. Kuɗin hular da ya saya wa kansa ya isa ya biya kujera guda a bayan motar nan, yaran biyu su zauna su miƙe ƙafa, uwar ta sami wurin da za ta juya ta ba da nono. Na sani sarai kuɗin mota ya yi tsada. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce nan, albashi kuwa bai bi ta da gudu ɗaya ba. Amma wanda ya iya ɗinka kala biyu ya iya ɗinka ɗaya. Ba na faɗin wannan don in kunyata shi, ni ma takardata ba ta fi tasa kyau ba a shekarun baya.

Jikin ƙaramin yaro ba kamar na babba ba ne. Ya fi saurin ɗaukar zafi, ruwan jikinsa kaɗan ne, in ya yi amai ko gudawa sau biyu uku ya zube, kuma ba shi da bakin da zai ce ƙishirwa ya ke ji. Shirun da uwa ta ɗauka barci ne, wani lokaci galabaita ce. Jaririn da bai kai wata shida ba nono kaɗai ya ishe shi, amma a riƙa ba shi a kai a kai, ita kuma uwar ta sha ruwa sosai. Wanda ya wuce nan a riƙa ba shi tsabtataccen ruwa ko bai nema ba. Ƙunshin garin gishiri da sukari da a ke sayarwa a kantin magani bai fi kuɗin goro ba, bai kamata jakar mai tafiya da yara ta rasa shi ba. In babu, a sami ruwa mai tsabta lita ɗaya, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba yaro kaɗan kaɗan har a kai asibiti. Faɗawar maɗiga alama ce ta ƙarewar ruwa a jiki. Abin da a ke shafawa a kai ba ya shiga ciki ya zama ruwa.

Game da azumin mai shayarwa a kan hanya, malamanmu na Kona da na Juma sun fi ni sani nesa ba kusa ba, ni ɗan ofis ne. Amma ko a makarantar zaure mun ji cewa shari'a ta yi wa matafiyi sauƙi, ta kuma yi wa mai shayarwa da ta ji tsoron cutuwar ɗanta. Matar ƙanena ta haɗa biyun, duk da haka ta ƙi sha, don kunyar kada ta iso gidan surukai ran ƙarshen azumi a ce ba ta kai ba. Ina roƙon malamai su riƙa faɗin wannan hukunci a wuraren tafsiri tun goman tsakiya, da Hausa mai sauƙi, yadda mata za su ji daga bakinsu. In daga bakin miji ya fito ba a ɗauka.

Akwai kuma baƙon da ke zuwa da bazara wanda ya fi ƙishirwa muni, watau sanƙarau. Lokacinsa daga hunturu ne zuwa faɗuwar ruwa, ya fi tsanani a Maris da Afrilu, sa'ad da iska ta bushe, ƙura ta yi yawa. Ta numfashi da tari a ke ɗaukarsa, abin da ya fi so kuwa shi ne ɗaki mai cunkoso wanda aka rufe tagoginsa. To, ina ɗakin da ya kai na gidan gado cunkoso daren Salla, jikoki goma sha a kan tabarma ɗaya, waɗansu daga Legas, waɗansu daga Sakkwato? Manyanmu ba su manta 1996 ba, shekarar da cutar ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 11,000, har aka hana alhazan Nijeriya zuwa aikin Hajji. Babbar Sallar wannan shekara a ƙarshen Afrilu ta faɗo. A 2017 ma ya tashi daga Zamfara ya ci rai fiye da 1,000. A 2024 Nijeriya ce ƙasar da ta fara yin amfani da sabuwar allurar da ke tare iri biyar na ƙwayar cutar. Wanda zai kawo yara gida ya ɗauki katinsu ya je asibitin unguwarsu ya tambayi abin da ya rage musu, har da ta ƙyanda da a ke yi a wata tara a maimaita a wata goma sha biyar. A yi wannan tun da sauran kamar mako biyu, gama allura ba ta fara aiki ran da aka yi ta. In yaro ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da amai, wuya ya ƙi lanƙwasuwa, ko jariri ya ƙi nono maɗigarsa ta kumbura, kada a ce a bari a sauko daga Idi. Mu kuma masu karɓar baƙi, a buɗe tagogi, a raba yara ɗaki ɗaki, ko a shimfiɗa musu a tsakar gida cikin gidan sauro kamar yadda aka yi mana.

Wani zai ce, to, in haɗarin ya kai haka, ai ƙanenka ya yi gaskiya. A nan ne muka rabu da shi, kuma dalilina wani abu ne da ya faru da ni, wanda ban fita da hannu mai tsabta ba.

A Sallar 2023 na ɗauki ɗana na fari, ba na faɗin sunansa, yana da shekara biyar a lokacin. Muka yi Idi a filin Ƙofar Doka, muka biyo bayan jama'a zuwa Ƙofar Fada kallon hawa. Na sa masa shadda mai sitaci da hula da takalmi mai rufi, ya yi kyau ƙwarai, yana ta zufa kamar an tsamo shi daga rijiya, ni kuwa ina jin daɗi mutane na cewa ɗan wane ne. Wanda bai taɓa tsayawa a Ƙofar Fada ran Salla ba ba zai gane yadda wurin ya ke ba. Hakimai na wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da zaginsa da makaɗansa, ga 'yan lifida, ga dogarai da jajayen riguna, algaita na kuka, ƙura ta tashi har ba ka ganin wanda ke gabanka sosai. Da 'yan bindiga suka saki harbi alamar Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli ya kusa, wani doki ya firgita ya yo kan mutane, aka watse. Na saki hannun yaron don in tare wani tsoho da zai faɗi. Na waiwaya, babu shi.

Edita, na yi shekara goma sha ina aikin ofis, fayil ya taɓa ɓacewa a hannuna har aka yi mini takardar gargaɗi, amma ban san abin da a ke kira tashin hankali ba sai ran nan. Na zaga bayan masallacin Juma'a, na koma wajen ƙofar, na tambayi dogari, na tambayi masu sayar da rake. Fiye da sa'a guda ina yawo kamar mahaukaci, babbar rigata a kafaɗa. Daga ƙarshe na ce bari in je gida in faɗa, a fito nema da yawa. Ina shiga zaure sai na gan shi zaune a cinyar Inna yana shan kunu, ta cire masa shaddar tana yi masa fifita. Wata mai sayar da zoɓo ce ta tsince shi yana kuka. Ta tambaye shi ɗan wane ne, ya faɗi sunan kakansa, da sunan gidan, ya ce a Kwarbai. Ta ce ai ta san gidan, ta bar wa 'yarta tallan ta kawo shi har ƙofa. Inna ta dube ni ta ce, "Ka je ka ajiye rigar, maigidana ya riga ka dawowa." Ba ta ƙara ko kalma ba, ni kuwa da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Wa ya koya wa yaron nan sunan kakansa da na gidansu? Ba ni ba ne. Inna ce, cikin wasan da ta ke yi da shi, tana ce masa mijinta, tana cewa ba za ta ba shi tuwo ba sai ya faɗi ko shi ɗan gidan wa ne. A birnin nan gida da sunan mai shi a ke saninsa, ba da lamba ba. Na tambayi ɗan ƙanena mai shekara shida irin wannan tambaya, sai ya faɗa mini lambar gida da sunan layi da Turanci. Ba laifinsa ba ne. Amma da shi ne ya ɓace a Ƙofar Fada, mai zoɓo ba ta da inda za ta kai shi.

Abin da yaro ke samu a kwana uku na Salla a gidan kakanni ba ya aikuwa ta waya. Da asuba ya ga an auna zakkar fid da kai an kai wa maƙwabta kafin a tafi Idi. A ɗora masa kwanon tuwon shinkafa da miyar taushe a ce ya kai gidan goggo, ya dawo da wani kwanon da abin da ta zuba, ya gane ashe kwano ba ya komowa wofi. Ya koyi durƙusawa, ya san wane ne kawu wane ne baba ƙarami, ya san taubashinsa da zai tsokana ba a yi masa faɗa ba. 'Yan mata su kwana da lalle a ƙafa, a yi musu kitso, su fita yawon Salla a jere suna ƙirga kuɗin barka da Salla, rabinsa kuma uwa ta karɓa ta ce za ta ajiye musu, ajiyar da har yau ba a taɓa mayarwa ba. Ya ga Hawan Salla da Hawan Bariki da Hawan Daushe, ya tambaya me ya sa a ke ce da shi Bariki, a gaya masa asalinsa zuwan Sarki gaida Razdan ne a zamanin Turawa. Ya ga ganuwa da rimayen birni, ya ji sunayen ƙofofi, Kuyambana da Gayan da Kona da Tukur-Tukur da Jatau. In Bakano ya tsokane shi a makaranta ya san abin da zai mayar masa. An ce zumunta a ƙafa ta ke, ban ji an ce a aljihu ba.

Sabo da haka, ƙanena, ga abin da na ke roƙonka, da kai da duk mai irin niyyarka. Ka nemi hutunka tun da wuri, ka turo iyali ko ka kawo su kwana uku ko huɗu kafin jajibere, lokacin hanya ba ta cika ba, direbobi kuma ba su ƙara kuɗi ba. Ku fito da an sallame asuba, yadda kafin rana ta yi zafi kun wuce Kaduna da Jaji. Ban ce ku yi tafiyar dare ba, kowa ya san halin hanyoyinmu. In da hali, kuma jirgin da aka buɗe a 2016 yana aiki, ku hau shi daga Idu zuwa Rigasa, abin da ya rage zuwa Zariya bai fi kilomita 80 da 'yan kai ba. Ka biya wa yara kujera. A sa musu riga marar nauyi, a ninke kayan Salla a jaka, a cire wa jaririya safa da hular ulu, gama na rasa wanda ya gaya wa matanmu cewa jariri na jin ɗari a watan Afrilu. Ruwan ƙanƙara da a ke miƙowa ta taga ba ka san rijiyarsa ba, ku riƙo naku daga gida, ya yi yawa ya fi ya gaza. Ran hawa kuma a kai ƙanana gidan wani ɗan'uwa da ke bakin hanyar da Sarki ke bi, su yi kallo daga inuwar zaure. Ni yanzu duk yaron da zan fita da shi sai na rubuta sunan gida da unguwa da lambar wayata na sa masa a aljihu, halin akawu ba ya ɓuya.

In kuwa duk wannan bai samu ba a wata shekara, ko yaro ba shi da lafiya, to, a zauna, ba wanda zai ce don me. A ɗaga zuwan zuwa hutun damina ko na hunturu, amma a sa rana, a gaya wa tsohuwa ranar, domin ta sami abin ƙirgawa.

Na karanta wa Inna saƙonka, tun da ba ta karatun boko. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce in gaya maka kada ka matsa wa yarinyar mutane, ita uwa ce, abin da ta gani ba kaɗan ba ne. Ta ce ita ba ta yi fushi ba. Amma na ga ta sa an yi wa ɗakin kudu sabon daɓe, ta kira kafinta ya fasa masa taga ta biyu ta wajen bishiyar mangwaro, ta kuma sayi randa sabuwa ta ajiye a ƙofarsa. Na tambaye ta na wane ne, ta ce in bar ta da tambaya.

Haza wasalam.

Naku,
Akawun Kwarbai,
Birnin Zariya.